Minsharina da Kurman Zangon Kumasi

Ni dai har yau da furfura ta cika mini kai ban taɓa jin minsharina da kunnena ba. Labarinsa nake ji a bakin mutane, kuma wallahi ba wanda ya taɓa ba ni shi cikin fara'a. Garba sunana, mutumin Bungudu. Ina ɗan yaro muka je taya kawuna girbi a Kucheri, jakinsa ya harbe ni a fuska, karan hancina ya karkace ya warke a haka, ƙofa ɗaya ta toshe. A gida ba wanda ya ɗauki abin da zafi, Inna dai ta sa an yi mini ɗaki can kusa da rumbu. Da na girma na shiga dakon gyaɗa a tashar jirgin Gusau, nan ma ni kaɗai nake kwana a rumfa. Sai da na bar ƙasa, da niyyar zuwa Kumasi neman aikin goro, sannan na gane ashe da kaya biyu na fito: ƙunshin da ke kaina da kuma wanda ke maƙogwarona.

A Ikko aka fara raba ni da na farkon. Na sauka jirgi a gajiye tilis, ina zaune a wata rumfa da rana ina jiran motar da za ta bi bakin teku, sai ga wani mutum fes-fes cikin farar riga, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Ya ce mini ɗan'uwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Ya ce, "Kwanta ka miƙe bayanka, ɗan'uwa, ina nan, idona na kan kayanka." Na yi matashi da ƙunshin na kwanta. Da na farka kaina a ƙasa yake.

Wata Bayarabiya mai ƙosai a gefen rumfar ita ta ba ni labari da 'yar guntuwar Hausarta, tana yi tana riƙe ciki don dariya. Ta ce mutumin zama ya yi yana saurare, sai da ƙarar ta kai inda yake so, ya ɗaga kaina da hannu ɗaya ya zare ƙunshin da ɗaya, har ya tsaya ya gyara hularsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na miƙe ina ta zage-zage, wanda ake zagin kuwa ya yi nisa. Matar ta bari na gama, ta ƙunsa mini ƙosai mai zafi a ganye, ta haɗa da wani tsohon zane na lulluɓa. Ban san sunanta ba, amma har gobe tana cikin addu'ata.

Daga nan muka bi ta Kwatano da Lome. A mota in na gyangyaɗa sai in ji gwiwar hannu a haƙarƙarina, in na buɗe ido kowa ya kau da kai. Haka na isa Ankara, babban birnin ƙasar da Kumasi take, da haƙarƙari duk tsami, guzuri ya ƙare, dole na tsaya na shiga dako a bakin teku, inda ake sauke kaya daga kwale-kwale. Ban daɗe ba wani akwati ya kuɓuce wa na gabana ya same ni daidai inda jakin kawu ya taɓa sauka. Jini ya ƙi tsayawa, abokan aiki suka kwashe ni sai asibiti.

Likitan Bature ne. Ya leƙa hancin da 'yar fitila, ya ce wa tafinta sabon ciwon ba komai ba ne, tsohon ne abin dubawa, ƙashin tsakiya ya kwanta ya rufe hanya. Ya ce in na yarda zai gyara. Ni abu ɗaya na tambaya: minshari zai daina? Tafinta ya ce likita ya ce mai yiwuwa ne. Ni kuwa kunnena bai ɗauki "mai yiwuwa" ba, "zai daina" kurum ya ji.

Aka yi aiki. Na yi kwanaki hancina cushe da auduga, fuska ta kumbura, da baki nake numfashi kamar kifin da aka fitar daga gulbi. Ranar da aka zare audugar, iska ta shiga ƙofofin nan biyu a tare, abin da ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na ji warin teku, na ji ƙanshin kifin da ake soyawa a bayan katanga. Hawaye suka zubo mini, na ce alhamdu lillahi, Garba ya zama mutum kamar kowa. Washegari da safe maƙwabcin gadona, wani masunci da aka ɗaure wa ƙafa, ya dube ni da jajayen idanu. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu. Sai ya kwantar da kai, ya buɗe baki, ya ja wata irin ƙara, duk ɗakin aka fashe da dariya. Tafinta ya ce in yi haƙuri, kumburi ne, in ya saɓe za a ga bambanci. Da wannan haƙurin na hau motar Kumasi.

A zangon Kumasi baƙo ba shi da daraja sai ta maigidansa. Nawa maigidan Alhaji Mamman ne, Bakano, mai saukar da fataken goro. Su sauka a gidansa, ya saya musu, mu yaransa mu zaɓe, mu jera a ganye, mu ɗaure huhu, wato babban ƙunshin goro, mu loda a mota. Ci da kwana duk a gidansa. In maigida ya sallame ka, labari ya riga ka zuwa kowace ƙofa, ba mai ɗaukarka.

Ranar da na fara aiki aka zaunar da ni kusa da wani tsoho siriri mai zaɓen goro. Hannunsa kamar da ido, yana taɓa goro zai ware mai sankara, wanda ƙwaro ya ɓata, ya jefa gefe. Na gaishe shi. Ya kai tafin hannu bayan kunne ya ce, "Mi kac ce?"

Wayyo Allah! Tun da na bar Gusau ban ji wannan harshe ba. Nan take na ga kasuwar Bungudu, na ga Inna tana tankaɗe a gindin bedi. Na ɗaga murya na ce, "Baba, mutumin ina ne?" Ya ce Tsafe. Na ce ni Bungudu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Allah shi kyauta. Zauna ka yi aiki." Aka ce mini Baba Ɗantsafe ke nan, ya fi shekara talatin a zango, matarsa ta rasu, bai sake aure ba, kunnensa ya yi nauyi, in ba ihu ka yi ba ba ya ji. Shi ya sa ba a sa shi cikin gulma, ba a kiransa shaida.

Mu yaran gida a babban zaure muke kwana tare da fatake. Kumburi ya daɗe da saɓewa, hancina a buɗe wasai, amma kowace safiya idon mutane ja. Aka fara da wasa, wani ya ce mini injin niƙa, wani ya ce jirgin Ƙaura ya iso. Da wasa ya ƙare aka koma jifa da takalmi. Ga shi kuma na samu sakwara da miyar ƙwarar manja, na buɗe ciki, wuya ya yi kauri. Ni kaina na lura ina tashi da ciwon kai, baki a bushe, da hantsi barci na fizgata a kan huhu.

Rannan bayan sallar asuba wani babban falke Babarbare, wanda duk shekara motocinsa ke cika a gidan, ya tsaya a gaban Alhaji ya ce, "Alhaji, ko ni ko wannan yaro. Na zo sayen goro ne, ban zo gadin aradu ba. Gidajen sauka sun yi yawa a zangon nan."

Alhaji mutumin kirki ne, amma gidansa da fatake yake tsaye. Ya kira ni gefe ya ce, "Garba, ba ni da abin cewa a kan aikinka. Amma ka ji da kunnenka. Kafin motocin nan su gama lodi ka nemi magani, in bai samu ba sai ka nemi wani wuri."

Wani wuri ina? Abin da ya tsaya mini a rai ba yunwa ba ce. Gani nake na sauka a Bungudu hannu biyu, ana nuna ni a kasuwa: ga Garba can, wanda ya je har Kumasi minshari ya koro shi. Zamfarawa in suka liƙa maka suna, har jikokinka sai sun amsa shi.

Na nufi asibitin garin. Likitan nan baƙar fata ne, Ba'asante, wani ma'aikaci ɗan arewacin ƙasar yana yi mana tafinta. Na shiga da faɗa. Na ce an yanke ni a Ankara, na sha azaba, ga shi abin da aka yi dominsa yana nan daram. Likita ya bari na huce, ya leƙa hanci, ya ce wanda ya yi aikin ya iya, hanya ta buɗe. Sa'an nan ya danne harshena da wani ɗan katako ya leƙa ciki. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ina ɗan naman da ke reto a nan?"

Tafinta ya yi dariya ya ce masa Bahaushe ne, su tun jariri na cikin zanen goyo wanzami ke cire masa beli. Likita ya girgiza kai. Ya ce to ƙarar dai ba daga hanci take fitowa ba yanzu, daga maƙogwaro ne. In na yi barci naman wurin ya saki, in kuma rigingine na kwanta harshe ya koma baya ya matse hanya, iska na wucewa da ƙyar tana kaɗa shi.

Na ce, "To a yanke shi mana, a huta!"

Ya ce akwai wasu nama biyu a gefen maƙogwaro da akan cire, amma nawa ba su yi girman da zai ce su ne ba. In ya cire, zan zubar da jini, zan yi jinya, kuma ba zai yi mini alkawari ba. Ya nuna wuyana ya ce wannan kitsen shi zan fara saukewa. Ya ga gwangwanin tabar shaƙa a aljihuna ya ce in rabu da ita, in riƙa wanke hanci da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Kada in cika ciki in faɗa shimfiɗa. In ɗaga wajen kai. Babban abu kuma, kada in kwana a bayana, ko da zan ɗinka wani abu mai tauri a bayan rigar barci ne don ya riƙa tashina. Har na kai ƙofa ya sake kirana, ya tambaya ko an taɓa ce mini numfashina na ɗaukewa cikin barci. Na ce masu jifa da takalmi ba su tsaya lura ba. Bai yi dariya ba. Ya ce in sami wanda zai lura, in yana ɗaukewa a juya ni.

Na fito ina ƙunƙuni. Wannan ai maganin watanni ne, ni kuwa motoci sun kusa cika.

Da la'asar muna ɗaurin huhu, wani abokin aikina ya matso ya raɗa mini cewa akwai wani wanzami a bayan kasuwa, yanka ɗaya yake yi an gama. Ya ce beli ne, yakan sake tsirowa. Muka yi maganarmu ƙasa-ƙasa don kada Alhaji ya ji, ba kowa kusa sai Baba Ɗantsafe, shi kuwa ba a lissafa shi. Ni da aka haifa a inda in yaro ya rame beli, in ya yi tari beli, in ya ƙi nono beli, nan da nan maganar ta zauna mini. Na manta da likita sarai.

Da sassafe na je. Wanzamin ya shimfiɗa zabirarsa a wani lungu, ya zaunar da ni a kan turmi, ya leƙa bakina ya ce, "Subhanallahi! Ka zo a kan gaɓa. Ya tsiro ta ciki, ya nutse. Sai na shiga da nisa." Ya fiddo wata 'yar aska mai lanƙwasa, ya goge ta a gefen rigarsa. Na tuna kasuwar Bungudu, na rufe ido na wage baki.

Sai na ji an damƙe kafaɗata. Baba ne, yana haki, ko takalmi babu a ƙafarsa.

Ya ce, "Rufe bakinka, sakarai! Tashi!"

Wanzami ya taso da masifa, yana cewa tsoho ya bar shi da sana'arsa. Baba ya kai hannu kunne ya ce, "Mi kac ce?" Wanzami ya ƙara ɗaga murya. Baba ya ce, "Awo, lahiya lau, na gode," ya ja hannuna muka fice.

A hanya ya balbale ni da faɗa. "Wanzamin Bungudu ba shi barin saura. Abin da anka cire tun kana jinjiri, mi za a yanka yanzu in ba maƙoshinka ba? Na ga wanda anka ɗauko daga lungun ga cikin tabarma. Kai uwarka na can tana jiran goro, sai a kai mata hularka?" Na ce, "Baba, ya aka yi ka san ina nan?" Ya ce wucewa yake yi. Ni da wautata na yarda, ban ko tambayi kaina wane mai wucewa ne ke fitowa ba takalmi ba.

Bai zame ko'ina ba sai gaban Alhaji, fatake na zaune ana karin kumallo. Ya ce, "Alhaji, ka ba ni yaron ga. Ɗakina na bayan shagon goro, nesa da zaure. Shi yi ta tsawarsa, ni ba ni ji."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. Ya daɗe yana duban tsohon nan, wani irin kallo da ban gane ba a lokacin. Ya ce, "Baba, ka tabbata?"

Baba ya ce, "Mi kac ce?"

Zaure ya kwashe da dariya, har Babarbaren nan sai da ya dara, ya ce Allah ya haɗa kowa da daidai shi. Ni kuwa ji na yi kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka. Na durƙusa zan yi godiya, Baba ya ce in tashi in ɗauko tabarmata, ba ya son surutu.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, ƙanshin ganyen goro ya kama bangonsa. A ranar ya sa na maimaita masa duk abin da likita ya faɗa, ina yi ina ihu. Ya miƙo hannu ya karɓe gwangwanin tabata, ban sake ganinsa ba. Ya tara tsofaffin buhuna ya tayar mini da wajen kai. Sa'an nan ya buɗe wata tsohuwar jaka ya fiddo ƙodagon goruba, ya yi baƙi ya yi santsi don shafawa. A ƙasar nan ta kurmi ba goruba. Ya ce daga Tsafe ya zo da ita a aljihu, ya cinye a hanya, ƙodagon ya kasa yarwa. Ya ɗinke shi a tsakiyar bayan wata tsohuwar taguwa ya ce da ita zan riƙa kwana.

Kai, ƙodagon nan ya ci mini baya! Da na mirgina sai in ji kamar an soka mini tsinke, in koma gefe ba shiri. Na yi ta tsine masa a raina. Abinci kuwa Baba ya kafa mini doka: sakwara da rana, da yamma ɗan tuwo tun kafin magariba, bayan isha'i ko ruwan koko ban isa ba. In na yi ƙorafi ya ce bai ji ba. In na saci hanya na sayi soyayyar ayaba a bakin titi, kafin in dawo ya sani, har yau ban san ta yaya ba. Kowace safiya ga ɗan ƙoƙo da ruwan gishiri a bakin ƙofa.

Sannu a hankali wuyan rigata ya yi mini yawa. Ciwon kan safe ya tafi, na daina gyangyaɗi a kan huhu. Masu ɗakunan kusa suka ce da har ta bango suke jina, yanzu sai jefi-jefi. Minshari bai mutu ba, kada in yi muku ƙarya, amma ya rage fitina. Alhaji ya ɗora ni a kan masu ɗauri, har ya fara aikena ƙauyuka sayen goro. Shi Baba kuwa tsufa ya fara nuna masa, kullum bayan azahar sai ka gan shi ya jingina da huhu yana barci, goro a hannu. Mukan yi masa tsiya, mu ce Baba an ci amanar aiki.

Mun yi zaman da ya haura shekara biyu, har ƙasar ta sami 'yancin kai aka sauya mata suna muna ɗaki ɗaya. Da daɗi da ba daɗi. Tsoho ne mai faɗa, ni ma ba baya ba. Amma in an yi ruwa, wanda a can ba ya ƙarewa, sai ya ce in ba shi labarin gida. In yi ta ihu ina faɗa masa yadda Gusau ta cika, an yi shaguna, Tudun Wada ta zama unguwa. Shi kuma ya tambayi duwatsun Tsafe, kamar za a ce sun tashi.

Sai wani falke ya zo da saƙon Inna ta baki: ta yi mini mata, in dawo tun tana da sauran gani. Na roƙi Baba mu tafi tare. Ya ce ya daɗe da yawa, wa zai gane shi, kabarin matarsa kuma na nan. Ya ba ni turmin atamfa da ƙullin zaɓaɓɓen goro, ya ce in kai wa ƙanwarsa Hajo a Tsafe in tana raye. Na cire ƙodagon zan mayar masa, ya ce in riƙe, ko ba komai ƙodagon dai ya koma gida.

Ya raka ni tasha da hantsi. Na riga na hau bayan mota, na zauna a kan huhu, direba na ɗumama inji, sai ya matso ya kama ƙarfen motar.

Ya ce, "Garba, saurara. Matar da za ka aura, ka gaya mata tun daren farko, kar kunya ta hana ka. Hansarin nan da kake cikin barci iri ukku ne. Akwai mai gurnani, kamar ana niƙa a dutse. Wanga ba komai, ta yi barcinta. Akwai mai fito, siriri, wannan ka hau bayanka ne, ta taɓa ka kaɗan za ka juya. Na ukkun shi ne mugu. Za ka ja da ƙarfi, sai ka yi tsit. In ta ji tsit ɗin nan kar ta jira. Ta tura kafaɗarka ta hagu har sai ta ji ka ja iska. Da farko kullum kana yi, yanzu sai ran da ka gaji ƙwarai. Ka jiya?"

Na ce na ji. Sai maganar ta dawo mini. Mai gurnani. Mai fito, siriri. Na dube shi. A hankali na yi maganar, inji na ruri, ko na kusa da ni bai ji ba.

Na ce, "Baba, ashe kana ji."

Ya dube ni, gefen idonsa ya tattare. Ya kai hannu bayan kunne ya ce, "Mi kac ce?" Mota ta ja.

Na sauka Gusau, na kwana biyu a Bungudu, na hau motar Tsafe da saƙo. Na sami Inna Hajo da rai, 'yar tsohuwa siririya, kamarsu ɗaya. Ta rungume atamfar nan ta yi kuka, ta yi ta tambaya: ya rame? Yana cin abinci? Wa ke yi masa wanki? Na ce ɗaki ɗaya muka zauna da shi fiye da shekara biyu.

Ta saki baki. Ta ce, "Ɗaki ɗaya? Da Yaya? To lalle kai ba ka da motsi cikin barci, ɗana. Mutumin da tun muna yara gyare ɗaya in ya shiga ɗaki ba shi runtsawa, sai ya tashi ya bi bango ya fidda shi. Ko numfashin mutum ba shi so kusa da shi. Innarmu har cewa take kunnen nan nasa zai hana shi zama da mutane."

Na tuna shi jingine da huhu bayan azahar, goro a hannu, muna yi masa dariya. Ta ga hawaye na bin gemuna, ta tsorata, ta ce ko ɓoye mata nake yi, ya rasu ne? Na ce a'a, Inna, lafiyarsa lau, yanzu ma ya samu barci.

Ban sake ganinsa ba. Na zauna a Tudun Wada ina sayar da goro, na aika masa da saƙo sau da dama ta hannun fatake, har shekarar da suka dawo mini da saƙon suka ce sai dai addu'a. Allah ya jiƙan Baba, ya sa kabarinsa ya yi masa shiru yadda yake so. Ƙodagon yana nan, an sauya masa riga ba adadi. Maganarsa kuwa na isar wa matata tun daren farko kamar yadda ya ce, kunya kamar ta kashe ni. Har yau in na yi tsit, hannunta na kan kafaɗata ta hagu.